Wata Bakwai Ban Dubi Fuskarsa Ba

Ni ce ƴar fari a ɗakinmu, kuma har yau da nake da ƴaƴa huɗu ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Ba kowa gidan ga ne?" In na faɗi na ƙuje gwiwa ba ta tasowa, sai dai wata ta taso. Haka ake yi a ƙauyenmu, can gaba da Matankari, kuma ba mai ganin laifinta. Ana cewa mace ce mai kunya, ƴar gidan mutunci. Da wannan na tashi, ina alfahari da ita, ina cewa a raina in Allah ya ba ni nawa sai na fi ta.

Na kuwa fi ta, kuma shi ne ya kusa kai ni ya baro.

A gida na haihu, farkon bazara, na yi wankan kwana arba'in a ɗakin Inna. Gidanmu babban gida ne, mata sun fi goma, ban da ƴan mata. Jaririn nan ba ya kwana a hannu ɗaya. Wannan ta ɗauka ta yi mishi tawai, waccan ta karɓe ta ce hancinsa na dangin uba ne, ni kuwa sai an miƙo mini shi in ba shi nono fuskata na kallon bango, ya ƙoshi a ɗauke. Tsofaffi suna ta yabona. Wata ta ce, "Wagga ko ta gado uwarta." Ranar har abinci na fi ci don daɗi.

Da na gama wanka aka maida ni Dogon Dutsi wurin maigidana. Yana aiki a wani biro, wato ofis, mun kama haya a sabuwar unguwa can gefen gari. Ɗaki biyu, katangar siminti mai tsawo, ƙofar ƙarfe, ga pampo a tsakar gida. Ƴan ƙauyenmu suna cewa na huta, ba zuwa rijiya, ba daka, gari daga inji ake kawo mini. To, wanda ba ya zuwa rijiya ba ya ganin kowa. Maƙwabtanmu duk baƙi ne irinmu, kowa ya rufe ƙofarsa. Maigida yana fita da sassafe, daga biro ya wuce masallaci wurin karatu, kafin ya dawo yaro ya yi barci. Yana cikin samarin nan masu wa'azin sunna, kuma sau ɗaya ya taɓa ce mini kunyar ɗan fari ba ta cikin addini. Na ce mishi na ji. A raina na ce kai dai je ka biro, wannan ba fagenka ba ne.

Kada wani ya ce ban kula da yaron nan ba, don zan yi faɗa da mutum a kan haka. Wanka sau biyu a rana, man kaɗe har tsakanin yatsu, tufafinsa fes, ba a taɓa tsallake mishi allura ba. In ya yi kuka na ba shi nono. In ya ƙoshi na goya shi ina aiki, ko in shimfiɗe shi a katifa in saki gidan sauro. Abin da ban yi ba shi ne in dube shi ido cikin ido, ko in yi mishi magana, balle wasa. Ko waƙa ta zo mini a baki ina wanki, in na tuna yana bayana sai in haɗiye ta. Da farko yakan yi ta wutsil-wutsil yana ƴan ƙananan sautuka in na sunkuyo kansa, ni kuwa in kawar da kai. A hankali ya daina. Ya zama yaro shiru-shiru, sai ya yini kwance ba ka ji motsinsa ba. In baƙuwa ta shigo ta ce, "Kai, yaronki akwai haƙuri," sai in yi kamar ban ji ba, amma ina jin daɗi.

Yana wata bakwai na kai shi awon yara, wanda muke cewa pese. Muna zaune a benci muna jiran layi, kusa da ni wata mata ce daga wajen Kieshe da ƴarta, kuma a hira na gane sati ɗaya muka haihu. Yarinyar nan ba ta kai nawa ƙiba ba, amma ta hana kowa sakat. Tana gwaranci, tana feshin miyau, ta kama bakin mayafina ta ja, da na dube ta sai ta ɓangale baki ta ƙyalƙyale. Uwar ta tafa hannu, ita ma ta buga nata a cinya. Na saci kallon nawa ta gefen ido. Yana zaune a cinyata kamar an ajiye ƙunshin kaya, idonsa a bango. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tun a nan na ga bambancinsu.

Likitar da ke awo yarinya ce, ba ta girme ni ba. Ta ɗora shi a sikeli, ta ce nauyi ya yi kyau, ta rubuta a karne, katinsa na awo. Sai ta sunkuyo ta kaɗa mishi yatsu, ta zaro ido, ta yi mishi gwalo. Ya juya kai gefe. Ta zagayo ta gefen, ya sake juyawa.

Ta ce, "Madam, yana dariya a gida? Yana gwaranci?"

Na dubi ƙasa. Yaya za a yi a tambaye ni labarin ɗan fari a gaban mata?

Ta ce, "Da ke nake."

Na ce, "Yana yi."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in riƙa yi mishi wasa, in riƙa yi mishi hira, wata mai zuwa in dawo da shi ta sake gani. Na fito raina a ɓace. Duk tsawon hanya a bayan babur ɗin kabu-kabu zaginta nake a zuci: ƴar lakwal, ƴar boko marar ta-ido, an koya mata riƙe biro ba a koya mata kunya ba. Amma da na sauka na tura ƙofar ƙarfen nan, gidan ya yi tsit yadda ya saba, sai fushin ya zube. Na tsaya a tsakar gida da goyo a baya ina tambayar kaina, yaushe rabon da in ji dariyar yaron nan? Na lalubo, na lalubo, ban samu ranar ba.

Abin da ya fara zo mini shi ne kurma ne. Washegari da hantsi na zaunar da shi a tabarma, na zagaya bayansa da murfin tukunya, na saki murfin a kan siminti. Ya zabura ya tsala ihu har ya shiɗe. Na ɗauke shi ina cewa alhamdu lillahi, yana ji. Murnar ba ta kai azahar ba. In yana ji, me ya hana shi amsawa? Ruwa ba ya tsami banza. A nan na tuna da gawo.

Ranar da aka dawo da ni daga wanka motar ta lalace a hanya, rana tsaka, zafi kamar ya tsaga kai. Muka sauka muka fake a ƙarƙashin wani babban gawo shi kaɗai a fili. Na kwance goyo na shimfiɗe jariri a kan zane a gindinsa, kuma na yi ta tunani ko na yi bisimilla, ban tuna na yi ba. Duk ɗan Arewa ya san wadda ke zama a irin itacen nan da tsakar rana. Mun tashi muna jin labarin doguwa, yadda take shafar yaro ta bar wa uwa gangar jiki. Ina sallah, ina azumi, amma wallahi da na tuna gawon nan sai na yarda ita ce ta shafe shi.

Daga nan na shiga sa mishi ido, ta gefe dai, yadda na saba. Da ma ban sa ba. Sai na ga yana kafa ido a kusurwa ɗaya ta rufin ɗaki, inda ba komai, ya daɗe bai ƙifta ba. Sai na ga yana ɗaga hannunsa yana juya shi a gaban fuska shi kaɗai. Na ce shi ke nan, da ita yake wasa. Na daina shiga ɗakin ni kaɗai sai da addu'a. Tuwo ya daina wuce mini. Ina son yaron nan kamar raina, kuma ga shi ina jin tsoron kwance shi daga baya, kada in juyo in ga abin da ba shi ba.

Kwana huɗu ina riƙe da abin kafin in gaya wa maigida, wata Asabar da safe yana gida. Ko faɗar ma ta zame mini aiki. Na ce, "Wannan na ɗaki ba ya dariya." Ya ce wane? Na nuna da haɓa. Ya yi dariya ya ce sai ka ce wani baƙo. Ya ɗauko shi, ya ɗaga sama, ya kira sunansa sau uku. Yaro ya kawar da kai. Ya sake kira, ya yi fito. Ina tsaye na ga dariyar ta bar fuskar maigidana, kuma wannan ya fi gawon tsorata ni, don shi mutum ne da ba ya razana. Ya tofa mishi addu'a, ya ce in ya samu izini a wurin aiki za mu kai shi babban asibiti a Dosso. Na ce ina son in je gida in gaida su, tunda kaka ta yi. Ya san abin da nake nufi. Ya ce, "Ki je. Amma ban yarda a yi mishi hayaƙi ba, ban yarda a yanka komai ba."

Wurin Gwaggo na nufa, yayar babana. Tsohuwar ƴar bori ce, ta bar rawa tun da gwiwoyi suka ƙi, amma har daga Sukukutane ana zuwa wurinta. Baki gare ta kamar reza. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar wake. Na durƙusa, na ajiye mata yaro, na ba ta labarin gawo tun daga lalacewar mota. Na zaci za ta ce a nemo baƙar akuya, har na shirya yadda zan ɓoye wa maigida.

Ta ɗauke shi, ta shinshina kansa, ta buɗe tafin hannunsa ta duba. Ta ce, "Angona, ka zo ba ko goro?" Ta tsayar da shi a cinya ta yi mishi rawa. Ya sandare, ya juya fuska. Ta miƙo mini shi ta ci gaba da ɓarar wakenta.

Kwana biyu ba ta ce komai ba. A duk rayuwata ban ga kwanaki masu tsawo irin waɗannan ba. Na ce abin ya fi ƙarfinta ne take jin nauyin faɗa. Ana ta shigo da dammunan hatsi, gida ya cika da hayaniya, ana dama fura, ana kwaɗa kopto, kwaɗon ganyen nan namu, ni ina zaune kamar mai takaba. Duk inda na juya sai in ga idon Gwaggo a kaina. Inna kuwa ba ta tambaye ni komai ba, ba ta da bakin tambaya, sai dai na lura ƙwaryar furar da ake ajiye mini ta fi ta kowa nono.

Rana ta uku da hantsi Gwaggo ta kira ni ta ce in ba shi nono a gabanta. Na zauna, na ba shi, na maida fuska wajen danga.

Ta ce, "Gidan naku na Dutsi, ku nawa ne ciki?"

Na ce, "Ni da maigida."

"In ya tahi aiki hwa?"

"Sai ni."

"To wa ka yi ma yaron ga wasa?"

Na gyara mishi nono a baki, fuskata na wajen danga.

"Wa ka yi mishi magana? Akuya gare ku? Ko kaza?"

Na ce, "Gwaggo, ɗan fari ne fa."

Ta ajiye ƙwaryar wake. Ta ce, "Ke, ashe wauta taki ta kai nan? Kunya gaban mutane a ka yin ta. Gidan da ba kowa, wa kike jin kunya, bango ko pampo? Uwarki da kika gani ta kawar da kai, ta kawar ne don ta san muna nan, mu goma. Ni nan na yi miki rawa har cinyata ta yi tsami. Ke kin ɗauki kunya kin kai birni, kin baro mutanen a ƙauye."

Na ce, "Amma gawon…"

Ta ce, "Bar gawo ya huta. Na san aikin doguwa, ba haka yake ba. Kwana biyu ina kallonku. Dubi yadda yake juya wuya in an dube shi. Wuyan wa kika gani? Yaro abin da anka yi mishi shi yake maidawa. Kin koya mishi, ya ko iya."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ta jawo wani ɗan ƙaramin gora, ta zuba mishi tsakuwa, ta toshe da tsumma, ta ba ni. Ta ce in shiga ɗakinta in saki asabari, ni da shi kaɗai, safe da la'asar, in yi mishi duk haukan da na ga tana yi. Sauran lokaci ƴan gida za su yi nasu, amma nawa ba mai yi mini.

Na ce, "In bai yi ba fa?"

Ta ce, "In bai yi ba, ku tahi Dosso, ni ma in san ban san komi ba."

Wannan maganar ce na shiga ɗaki da ita. Ashe ita ma ba ta da tabbas.

Na zaunar da shi a gabana, na tokare shi da filo, na dube shi. Wata bakwai da haihuwarsa, ranar na san yana da ɗan tabo baƙi a ƙarƙashin idon hagu. Kunnuwansa na babana ne sak. Haƙoran nan biyu da na sani ta wurin cizo kawai, ranar na gan su. Na buɗe baki in yi mishi magana na rasa abin faɗa, sai na ce, "Sannu." Ya kawar da kai a hankali, haɓa ta yi wajen kafaɗa, ido ya sauka ƙasa. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Ni ce a zaune a gabana. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka mai isata, shi kuma yana kallon bango.

Haka muka yi ta yi. Na kaɗa gora, na tafa hannu, na yi kukan akuya da na zakara, ni da ko a biki ba a jin muryata. Na yi mishi cakulkuli ya ƙanƙame jiki. Na rufe fuska da mayafi na buɗe na ce ga ni, ba abin da ya motsa. Kowace fitowa Gwaggo ba ta tambaya, fuskata kawai take duba. Rana ta uku idonsa ya bi goran daga dama zuwa hagu, sau ɗaya, har na yi shakkar ko ni ce na ƙaga. Rana ta biyar ya miƙa hannu ya kama shi ya kai baki. Na ce to, gora yake so, ni fa? Tsoron ya canza kama. Da ina tsoron iska, yanzu ina tsoron ni na lalata shi da hannuna kuma lokaci ya wuce. Wannan ya fi ciwo, don ba akuyar da za a yanka.

Maigida ya kira a waya ya ce ya samu izini, ranar Litinin zai zo mu wuce Dosso. Saura kwana biyu ke nan.

Ranar Lahadi da la'asar na shiga ɗaki jiki ba ƙwari. A waje Inna tana daka ita kaɗai, ina jin taɓaryarta. Na kaɗa gora, na yi akuya, na yi zakara. Na ja mayafi na rufe fuska, sai hawaye suka zo, na ƙi buɗewa don kada ya gani. Na zauna haka a rufe, ban san iya daɗewar ba. Sai na ji an ja mayafin. Ja kaɗan, aka saki. Na ƙame, ko numfashi ban yi ba. Aka sake ja da ƙarfi, mayafin ya zame. Ga shi ya rankwafo gaba har filo ya faɗi, bakin mayafi a dunƙule a hannunsa, idonsa cikin nawa.

Na ce, "Ga ni."

Ya yi wani sauti kamar shaƙuwa. Na firgita na zaci ya ƙware, har na kai hannu bayansa. Ya sake yi, baki a buɗe, haƙora biyu a waje. Dariya ce, bai dai iya ta ba tukuna. Na sake rufewa, ya sake ja. Mun yi ya fi sau goma.

Mun je Dosso duk da haka, an duba kunne da ido an ce lafiya, a ci gaba da abin da ake yi. Bai kamo tsaransa a rana ɗaya ba. Ya yi jinkirin rarrafe, ya yi jinkirin magana, kuma na fi shekara ina kwana da fargaba. Na san akwai yaran da shirunsu ciwo ne, wasa kaɗai ba ya isar musu, ban ce nawa ma'aunin kowa ba ne. Yanzu yana lakwal, surutunsa har sai na ce ya rufa mini baki. Na koma wurin likitar nan ta awo na gaishe ta, ban dai gaya mata zagin da ta sha a bayan kabu-kabu ba.

Amma a ranar Lahadin nan, da na ɗaga asabari na fito da shi a kafaɗa, ban san inda zan sa kaina ba. Ina son in yi guɗa gari ya ji, ga mutane cike da gida, ga kunya ta dawo ta tsaya a wurinta. Gwaggo ta dube ni sau ɗaya ta ci gaba da ɓarar wake. Sai a lokacin na lura taɓarya ta daɗe da yin shiru. Inna tana tsaye a bakin turmi, ta ba ni baya, hatsin ko rabi bai daku ba. Na zo wucewa ta bayanta, sai ta yi magana, ba da ni ba, da turmi.

Ta ce, "Wata ma haka ta yi dariyarta ta hwari. Bayan rumbun can, da rana tsaka, mutane duk sun tahi gona."

Na tsaya cak. Ba ta juyo ba. Ta goge ido da bakin zane, ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da daka.